Ranar Da Na Tsallake Surukina

A duk shekarun da na yi ina aikin jinya, akwai rana ɗaya da ba ta taɓa fita daga raina ba, kuma har gobe in na tuna ta sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yawan tambayata wane rauni ne ya fi ba ni wahala. Na san kuna jiran in ce karayar da ƙashi ya ɓullo waje, ko ƙafar da ta ruɓe har aka yanke. Ko ɗaya. Gocewar kwankwaso ce kawai, wadda muka gyara tsakanin azahar da la'asar ba tare da an zubar da jini ko ɗigo ba.

Lokacin jihar Kebbi ba ta daɗe da rabuwa da Sakkwato ba. Ina sitaf nas, wato matakin da mutum yake farawa da shi bayan ya gama makarantar jinya, a wani ƙaramin asibiti a Jega. Sama da ni akwai matiron, Hajiya Kulu, wadda take shugabantar duk ma'aikatan jinya. Likitanmu ɗaya tak, ɗan bautar ƙasa, Dakta Kola, wani siririn Bayerabe mai kirki wanda Hausarsa ba ta wuce sannu da ina ciwo ba. Saboda haka ni ne nas, ni ne tafinta. Na'urar hoton ƙashi kuwa ba mu da ita, sai an je Birnin Kebbi.

Matata Hajo 'yar fari ce ga Malam Ummaru na Gumbin Kure, manomin albasa da gero, dogon dattijo mai ƙarancin magana. Waɗanda ba 'yan nan ba ne a cikinku, bari in yi muku bayani. Tun da aka ɗaura aurena da 'yarsa ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In na je gaisuwa, tun daga nesa nake cire takalmi, in durƙusa a bakin zaure, in gaishe shi kaina a ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon wani wajen. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ko ruwa ban taɓa sha ba. Sunan Hajo ba ya fita daga bakinsa saboda ta fari ce, nawa ma haka. In zance ya biyo ta kaina, mutumin Jega yake cewa. Ba ƙiyayya ba ce, girmamawa ce, kuma ni da shi duk muna jin daɗinta.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, lokacin cirar albasa. Ya loda buhunansa a wata a-kori-kura, aka ba shi gidan gaba saboda girma. Sun wuce Maiyama kaɗan taya ta fashe, mota ta sauka daga titi ta rungumi itace. Direba ya fasa kai, har sai da ɗayan nas ɗinmu namiji ya bi shi a mota zuwa Birnin Kebbi. Ina cikin gyara ɗakin da aka yi wa direban ɗinki sai na ga an shigo da wani a kan tabarma, mutum huɗu sun kama kusurwoyinta. Wanda ke gaba Sani ne, ƙanen matata. Tun kafin in ga fuskar wanda ke kwance na san surukina ne.

Daga bakin ƙofa na san abin da ya same shi. Ƙafarsa ta dama ta fi ta hagu gajarta, ta ɗan lanƙwashe, ta murɗe ciki har gwiwarta ta jingina da ɗayar cinyar. Ku riƙe wannan kamar sunanku. Kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana zaune cikin wani gurbi a kwankwaso kamar taɓarya a turmi. In mutum yana zaune gwiwarsa ta daki gaban mota da ƙarfi, bugun yakan bi ƙashin cinya ya turo kan nan ya fice daga gurbinsa ta baya. Gwiwa ce ta sha bugu, amma ɓarnar tana sama. Kuma abin da ya sa ba ta jira shi ne, jijiyoyin jinin da suke ciyar da kan ƙashin sukan matse. In aka daɗe ba a mayar ba sai ya mutu a hankali, mutum ya ƙare rayuwarsa da ɗingishi ko a zaune.

Dakta Kola ya ce in tambaye shi ina ne ke ciwo. Ban iya ba. Sai na juya na tambayi Sani, alhali mai ciwon yana kwance a tsakaninmu yana ji. Baba, kamar yadda nake kiran surukin nawa, ya amsa wa Sani, yana kallon bango, gumi na tsattsafo masa.

“Gwiwa ta kawai. A shafa mata magani in tahi.”

Likita ya kai hannu zai ɗaga rigarsa ya duba ƙugu, Baba ya riƙe bakin rigar gam. Ya jawo Sani ya yi masa raɗa, Sani ya miƙe ya ce sun gode, za su wuce Aliero wajen masu ɗori. Ni ban taɓa raina masu ɗorin Aliero ba, wannan hannun nawa na hagu su suka ɗora shi ina yaro, ga shi nan garau. Amma wannan ba karaya ba ce da za a jera wa kara a ɗaure. Naman cinya ya riga ya ɗaure tamau saboda zafi, sai an yi allurar da za ta sake shi kafin ƙashi ya yarda ya koma. Kuma na san ba asibiti Baba yake gudu ba. Ni yake gudu. A Aliero babu mijin 'yarsa.

Na yi wa likita bayanin ko wane ne dattijon a wurina. Ya yi murmushi ya ce ai abin ya zo da sauƙi, tunda na gida ne zai ji maganata. Wallahi ban san ta inda zan fara fahimtar da shi ba. Na ruga wajen Hajiya Kulu ko za ta samo wani ya tsaya a madadina. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce namiji ma'aikaci ni kaɗai na rage, ita kuwa in ta shiga abin ya fi muni. Ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in koma in yi aikin da gwamnati ta ɗauke ni in yi.

Da na dawo har sun fara kama tabarma. Na ce su ajiye. Na cire takalmina, na durƙusa daidai kansa, na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi masa magana kai tsaye.

“Baba, ka gahwarce ni. Ba gwiwa ba ta, kwankwaso na yag goce. In munka kai gobe, ƙahwag ga ba ta ƙara kai ka gona.”

Har na fara tunanin na yi rashin kunyar banza. Can sai ya ce wa Sani ya fita da mutane, ya ja ƙofa. Sannan ya kai hannu ya jawo hularsa ya rufe fuskarsa da ita. Amsar ke nan.

Ga yadda ake aikin. A ƙasa ake kwantar da mutum rigingine, ba a kan gado ba, don mai ja ya sami ƙarfi. Na sa almakashi na tsaga wandonsa ta gefe, na lulluɓe shi da zane, na bar iya inda ba makawa. Muka taɓa bugun jini a bayan ƙafa, yana nan. Likita ya ce a sa shi ya ɗaga yatsunsa sama, don akwai wata babbar jijiya da take bi ta bayan kwankwaso, wadda in ƙashin ya danne ta ƙafa takan saki. Yatsu suka ɗagu. Na yi masa allurar kashe zafi da ta barci, na cire hular don mu riƙa ganin numfashinsa, muka jira jikinsa ya saki.

Mutum biyu ake bukata. Ɗaya ya danne ƙasusuwan ƙugu guda biyu na gaba da tafin hannu, ɗaya ya lanƙwasa gwiwa da cinya ya ja sama. Ni na fara dannewa, ina kallon bango, hannuwana a kan ƙugun surukina, ina jin da ma ƙasa ta tsage in shige. Na ɗauka iyakar abin ke nan. Dakta Kola ya ja, ya huta, ya sake ja har jijiyoyin wuyansa suka fito. Ina! Cinyar mutumin da ya yi rayuwarsa yana huɗa da ban ruwa ba ta san da shi ba. Ya share gumi ya ce mu yi musanya, ni na fi shi ƙarfi.

Mai ja kuwa ba a gefe yake tsayawa ba. Tsallake mutum yake yi, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ya tsaya a kansa yana fuskantarsa. A garinmu ko yaro ne a kwance ba a tsallake shi, balle babba, balle wanda ya ba ka 'yarsa. Na tsaya ƙafata ta ƙi ɗaguwa, har likita ya daka mini tsawa, shi da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Na yi bisimilla na tsallaka.

Na saƙala hannuna a ƙarƙashin gwiwarsa, na fara ja a hankali. Ba fizga ake yi ba, fizga tana iya karya wuyan ƙashin. Ja ake yi mai ɗorewa har naman ya gaji ya sallama, sannan a ɗan murɗa. Ina cikin haka, gumi na zuba daga haɓata a kan zanen da na rufe shi da shi, sai na kalli ƙasa. Idonsa biyu. Allurar ta fara sakinsa, yana kallona, ina tsaye a kansa. Karo na farko ke nan da muka haɗa ido.

Sai ya rufe idon. Kun san dai mun san bambancin wanda allura ta ɗauke da wanda ya runtse da gangan, fatar idon takan yi rawa. Ya ci gaba da barcin ƙarya, ya saki jikinsa gaba ɗaya, ko nishi bai yi ba, ga shi na san irin azabar da yake sha. Ni kuma na ci gaba da yi kamar ban gani ba. Ba a jima ba muka ji ƙwas, ƙashi ya koma gurbinsa. Na miƙar da ƙafar na jera ta da 'yar'uwarta, tsawonsu ya zo daidai, yatsu na kallon sama. Likita yana murna yana bubbuga mini kafaɗa, ni kuwa na fice ta ƙofar baya na zauna a gindin dalbejiya na rufe fuskata da hannu.

Aka ɗaura wa ƙafar nauyi, ya yi makonni a kwance. Daga baya aka kai shi hoto Birnin Kebbi, ba a ga tsagewa ba. Na roƙi Hajiya Kulu ta mayar da ni ɗakin yara har a sallame shi. Ta yarda, amma ta rama da tsokana, in na gifta sai ta ce a ba mai tsallake manya hanya. Hajo ba ta taɓa tambayata abin da ya faru a ɗakin ba, ni ma ban faɗa mata ba. A Gumbin Kure kuwa labarin da Baba ya bayar shi ne wani likita Bayerabe ya gyara shi, shi kaɗai. Na bar shi a haka, wallahi ma daɗi na ji. Damina ta zagayo ya koma gona da ƙafarsa. Na ci gaba da gaishe shi daga bakin zaure, sai dai gaisuwar ta ƙara gajarta, kuma na fi jin nauyinsa fiye da da.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne, mutanenmu ba ƙarya suke yi ba in suka nuna muku gwiwa alhali ciwon yana sama. Inda za su iya nunawa suke nunawa. Saboda haka ku duba gaɓar da ke sama da wadda ke ƙasa da inda aka nuna muku, ku fitar da wanda bai kamata ya gani ba, ku rufe duk abin da aikin bai bukaci a buɗe ba. Kunya kuwa kada wani ya ce muku za ta fita da sabo. Tawa ba ta fita ba, na dai koyi yin aiki tana tare da ni.

Shekaru da yawa bayan haka ɓarin jikin Baba ya shanye. Sai an juya shi, sai an yi masa wanka, sai an kai shi bayan gida. 'Ya'yansa maza suna nan, kowa na so ya yi, ya hana kowa taɓa shi, har bayansa ya fara miki. Sani ya zo Jega ya same ni, ya kasa kallona, ya ce Baba ya aiko shi da magana, kuma ya ce a faɗa mini ita yadda ya faɗe ta.

“Ku kira min mutumin Jega. Shi yar riga yag gani, kada a ƙara min wani ido.”

Na ɗauki hutu na tafi. Ni na yi jinyarsa har Allah ya karɓi abinsa. Duk lokacin da na ɗaga labule na yi sallama sai ya rufe ido, ni kuma in yi aikina kamar barci yake.