Amalanken Ɗantala da Garin Ɗorawa

Ɗantala bai taɓa yin wata sana'a ba sai jan amalanke. Tun yana saurayi yake ɗaukar dammunan gero da buhunan wake daga ƙauyensu zuwa kasuwar Cadawa, har furfura ta cim masa a kan wannan hanya. Mutum ne mai son a san ra'ayinsa ko ba a tambaye shi ba. Shi ya sa da soja suka ce za su sauka, aka buga gangar zaɓe, ya shafe amalankensa kaf da shuɗin fenti, launin jam'iyyarsa. Jam'iyyar kuwa ta sha ƙasa, mai launin ruwan ɗorawa ta ci.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Damina ta yi gardama, rumbuna suka bushe, kasuwa ta mutu murus. Wanda ba shi da kaya me zai ba mai amalanke ya ɗauka? A cikin shanunsa biyu ya riga ya sayar da ɗaya. Saura Ɓaleri, baƙin sa da ya raina tun yana maraƙi. Matarsa Basira ta faɗa masa gaskiya: in wata ya ƙare babu aiki, sai dai Ɓaleri ya tafi kasuwar Agiye a sayar da shi. Ɗantala bai musa ba, amma abin ya tsaya masa a rai.

Sai ga labari: sabuwar majalisar gari za ta gyara hanyar kasuwa, kuma ta ƙi ba ɗan kwangila. Amalanken mutanen gari ne za su yi jigilar burji, don kuɗin su tsaya a hannun talakawa. Kowa ya yi murna, ban da Ɗantala. Wa zai ba shuɗin amalanke aikin 'yan ɗorawa?

Kuɗin fenti babu. Dabara kuwa, Ɗantala ba ya rasa ta, ko da ta banza ce. Ya samo garin ɗorawa kwano biyu, ya dama da ruwan ƙaro, ya laƙaba wa amalanken ciki da waje. Da ya bushe, sai ya yi kyau ƙwarai.

Basira ta riƙe haɓa. "Malam, abin da yara ka sha shi za ka shafa ma katako?"

"Ke dai ki yi shiru. Siyasa ce, ba ki san ta ba."

Ranar ɗaukar ma'aikata amalanke sun fi talatin a filin kasuwa, rana ta take. Ɗantala ya bar nasa a layi, ya shiga rumfar mai shayi yana yabon sabuwar majalisa da babbar murya, har waɗanda suka san shi suna zunguren juna. Abin da ya manta shi ne awakin kasuwa, jajayen nan marasa kunya, da kuma zaƙin garin ɗorawa.

Dariyar mutane ce ta fito da shi daga rumfar. Awaki sun fi goma a kan amalanken, wasu a sama wasu a ƙasa, suna lasa. Ɓaleri ma, Allah ya shirye shi, ya karkato wuya yana lasar sandan da ke gefensa. Shuɗi ya fito fili, sai ɗan rawaya-rawaya a lungu. A daidai lokacin Hajiya Saudatu ta iso kansa, 'yar majalisar da ke duba amalanke, wadda Ɗantala ya yini yana yi wa ihu ranar zaɓe.

A zuciyarsa har ya ga dillalan Agiye suna buɗe bakin Ɓaleri.

Hajiya ta dubi amalanken, ta dubi awakin, ta danne dariyarta da bakin gyale. Sannan ta zagaya ta taɓa tayoyi, ta girgiza katakon, ta ɗaga karkiya ta duba wuyan san ko da gyambo. Babu.

"Baba Ɗantala, tahiya nawa san ga ka iya yi a yini?"

"Biyar, Hajiya. Amma fentin nan..."

"Huɗu za ya yi, kar ka kashe shi. Fenti kuwa, mu burji muka biɗa. Ka zo gobe da sassafe."

Daɗi da kunya suka haɗu wa Ɗantala, ya rasa wanda ya fi. Sai kawai ya dafa tozon Ɓaleri.

Wata uku suka yi suna jigila. Hanya ta gyaru, motocin 'yan wake suka dawo shigowa, masu tuwo suka sake hura wuta a bakin kasuwa. Da zaɓe ya sake zagayowa, shuɗi dai Ɗantala ya jefa wa, bai kuma ɓoye ba. Sunan Mai Ɗorawa ne ya bi shi har yau, yana kuma amsawa.

A ranar awakin nan, da ya koma gida, Basira ta tare shi a ƙofa, ta ga amalanke a lashe, ta ga idonsa ya yi ja. Ta ɗauka magana ta ƙare, ta shiga ta ɗauko igiyar da za a ja Ɓaleri zuwa kasuwa.

Ɗantala ya ce, "Mai da ta ɗaka. Ɗebo mishi dussa, gobe yana da aiki."