Kwamfutar Kawu Sale da Ta Ƙi Magana

Duk wanda ya san Kawu Sale ya san ba ya kunna kwamfutarsa sai ya yi mata sallama, sannan ya kara kunne jikin sifika kamar likita. Shekara huɗu yana wannan, ko tari ba ta taɓa yi masa ba.

Gwanjo ya saye ta a kasuwar Suleja, ya goge abin da ke kanta, ya sa Linux, manhajar nan ta kyauta da kowa ke iya shiga cikinta ya gyara. Komai ya tashi ban da sauti. Na ce ya mayar da irin ta kowa ya huta. Ya dube ni sheƙeƙe: "Habu, a gidan haya na tsufa ina bin motar Abuja. Kwamfutar ma haya? Wannan gidan kaina ne."

Maƙwabcinsa Emeka, mai gyaran waya, tausayi ya kama shi ya kawo masa ɗan katin sauti na sokawa, kyauta. Kawu ya yi godiya har da rakiya, ya dawo ya tokare taga da shi. Wai na cikin kwamfutar lafiyarsa ƙalau, rashin fahimta ce kawai tsakaninsu.

Ku kuna dariya, amma ba ku san abin da yake nema ba. Akwai muryar matarsa, marigayiya Inna Laraba, a ciki. Ya kwafe ta kafin wayarta ta mutu. Na ce ya kawo in sa masa a wayata, minti ɗaya ya ji ta. Ya ce, "Matata ba za ta yi magana a gidan haya ba." Ranar na fusata, na ce wannan ba ƙauna ba ce, taurin kai ne. Har yau maganar nan tana ci mini rai.

Da Allah Ya yi wa Kawu rasuwa, bayan addu'ar bakwai na zauna gaban kwamfutar, na buɗe baƙin shafin nan na daidaita ƙara. Ashe a kashe sautin yake tun ranar farko. Maɓalli ɗaya na danna! Mutumin da ya sake manhaja sau ba adadi, bai taɓa duba nan ba, don ya raina wurin.

Inna Laraba ta fara magana, tana yi masa faɗan ya manta cefane. Kusa da ita kuma na ga tarin wasu sautuka. Ashe makirfon yana ɗauka duk shekarun nan. Kowanne na buɗe, muryar Kawu ce: "Gwaji, gwaji. Laraba, kina ji na?"

Na yi dariya har na koma kuka.

Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya haɗa shi da Larabarsa a gidan da ba na haya ba, ta amsa masa. Amin.