Masarar da Ta Fito a Kan Jakin Baban Kosi

Mijina Sebastian Ogbonna, wanda unguwa ke kira Baban Kosi, kafinta ne a Sabon Gari, kuma akwatin gawa ya fi yi. Sana'ar mahaifinsa ce, shagon yana nan bayan unguwar PZ tun kafin a haife shi. Ni sunana Saratu, 'yar Wusasa, ɗinki nake yi. Idan baƙo ya shigo gidanmu, Baban Kosi ba fuskarsa yake fara kallo ba. Tafiyarsa yake kallo, don ya gano wace gwiwa ce ke masa ciwo.

Tun farko ya kamata in gane abin da na ɗauko. Ranar da ya fara zuwa gaishe da iyayena, Mama ta yanka masa kaza. Ya ci, ya sha romo, sai ya hau jera ƙasusuwan a faranti, kowanne a mazauninsa, babana na tambayarsa dangi yana ta cewa "e, Baba". Da ya gama ya ɗago kai ya ce wa Mama kazar nan tana ɗingishi da ƙafar hagu. Mama ta ce ƙwarai kuwa, turmi ne ya faɗo mata bara. Babana ya ja ni gefe ya ce in sake yin addu'a a kan maganar. Na sake, na kuma aure shi.

A shekarar 2000, yana da talatin da huɗu, 'yarmu Kosi tana rarrafe, ya zana jarrabawa ya samu shiga jami'a a Samaru, sashen ilimin dabbobi, wanda 'yan makaranta ke cewa Zuloji. Yawancin 'yan ajinsu yara ne da suka nemi likitanci aka turo su nan, kullum fuska a murtuke. Shi kaɗai ya cike Zuloji da hannunsa, zaɓi na farko da na biyu. Da safe ya hau bas, da yamma ya dawo ya kama guduma. Na ga kwaɗi a robar wankan Kosi. Na nemi alluraina na ɗinki na rasa, ashe suna can an soke fara da malam buɗe littafi da su a cikin kwali. Duk na haƙura, don ban taɓa ganin mutum yana jin daɗin abu kamar yadda yake jin daɗin karatun nan ba.

Abin da ya kayar da shi Kimistiri ne. Ya faɗi, ya maimaita, ya sake faɗi. Dokar makaranta kuwa ita ce, karatun shekara huɗu an yarda mutum ya ja shi zuwa shida, ban da lokacin yajin aiki. Wanda ya wuce haka sai a sallame shi hannu rabbana. A 2007 Baban Kosi yana shekararsa ta shida, ya haye Kimistiri da ƙyar, abu ɗaya ya rage tsakaninsa da digiri: aikin kammala karatu. Malamarsa Dakta Adenike ta ce ya haɗa ƙwarangwal na dabba guda, cikakke, a tsaye, ya rubuta bayani a kai. Baƙon malamin da zai duba aikin zai zo ranar goma ga Satumba.

Yara suka ɗauki ɓera, tantabara, ƙadangare, abin da za a dafa a tukunya a tsince ƙashin a yini ɗaya. Shi kuwa ya ce magidanci kamarsa ba zai tsaya gaban malamai riƙe da ɓera ba. Ana haka sai jakin wasu masu ɗibar yashi a Dogarawa ya mutu don tsufa, cikin watan Fabrairu. Suka ba shi, suna mamaki. Ya ari motar ɗaukar gawa ta abokin sana'arsa, aka cusa jakin, aka lulluɓe shi da zanen gadona. Direban ya saba, don haka a hankali ya yi ta tafiya da fitila a kunne, tun daga Kwangila har Samaru mutane na tsayawa gefen titi suna cire hula.

Jaki ba ya shiga tukunya, binne shi ake yi ƙasa ta cinye naman. Wani tsohon manomi a ƙauyen Bomo kusa da Samaru, Baba Sallau, wanda Baban Kosi ya taɓa gyara wa ƙyauren gida, ya ba shi gefen gonarsa. Ya ce masa, "Kafinta, binne abinka. Amma ka tone shi kafin ruwa ya sauka, don ni idan na shuka, na shuka ke nan." Baban Kosi ya amsa, ya ɗora dutse a wurin.

Ƙarshen Afrilu ya je ya tone. Sai ga jaki yadda aka sa shi, har da gashin ido, ya dai bushe kamar ganda. Ƙasar rani ba ta da laima, ba abin da ta ci. Mutumin da ya yi shekara shida yana karanta dabbobi, wannan kaɗai bai zo masa a rai ba. Ya mayar da ƙasa ya ce bari ruwa ɗaya ko biyu ya taɓa shi. A satin ne aka aiko cewa yayan mahaifinsa ya rasu a ƙauyensu, can ƙetaren kogin Kwara. Wanda ya san jana'izar mutanensu ya san ba zuwa a dawo ba ce, balle ga mai yin akwatin da kansa. Sati biyar muka yi.

Muka dawo ya tarar shanun huɗa sun bi gonar kaf, dutsen nan an jefar da shi bakin hanya, masara ta fito layi layi. Ya tsuguna ya gaishe da Baba Sallau, ya kawo maganar. Tsohon ya ce, "Ai na faɗa maka." Ya shimfiɗa masa tabarma a gindin ɗorawa, ya sa aka kawo masa ruwa.

Da farko ma ba wanda ya san inda jakin yake. Zuwa Yuli kowa ya sani. A gefen gonar wata masara ta tashi ta fi sauran da kamu biyu, kore shar har tana baƙi, kowane kara da goyo biyu, wani uku. Mutanen Bomo suka riƙa zuwa kallo. Baba Sallau ya ce shekara hamsin yana noma bai taɓa ganin irinta ba, kuma ita zai ajiye iri. Baban Kosi ya ce zai biya. Tsohon ya ɓata rai ya ce, "Haba Kafinta. Abin da Allah ya rayar har ya ɗauki goyo, ni in sa hannu in tumɓuke shi ɗanye? Da wane baki zan roƙi ruwa baɗi? Ka bari ta bushe, ƙarshen Satumba, ni da kaina zan tone maka." Aka je wurin mai unguwa. Mai unguwa ya saurari kowa, ya yanke cewa jaki na Kafinta ne, masara ta Sallau ce, kuma wanda ke sama shi ake fara saukewa.

Daga nan mijina ya koma mai gadin masara. Kullum ya fito makaranta sai Bomo. Ya zauna a tabarmar nan yana kallon gona, ya tashi ya matsa goyo da yatsa ko ya yi tauri. Har korar tsuntsaye yake yi, wai kada a ce wani abu ya ja girbin baya.

Ni ce na ba shi shawarar ya tara ƙashi a wurin mahauta. Ya bi kwatar mahauta ɗaya bayan ɗaya har ya cika buhu biyu, ya haɗa wani abu a shago. Dakta Adenike ta zo ta zagaya shi sau ɗaya. Ta ce, "Malam Ogbonna, haƙarƙarin na sa ne, ƙafafun gaba na maraƙi, wannan wuyan kuwa ina jin raƙumi ne. Kai ma ka sani." Ya sunkuyar da kai ya ce ya sani, Ma. Ta ce ya yi ɓera mana. Ya koma ya tambaya, aka ce an riga an tura sunan aikin kowa ga baƙon malamin tun watan Mayu, kuma a gaban sunansa jaki aka rubuta.

Matar nan ta yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinta ba. Har Bomo ta bi shi, da takalminta mai tsini. Ya sa ta hau kan suri don ta hango daga sama, ya riƙa nuna mata: ga kai nan inda masarar ta yi faɗi, ga gadon baya, ga ƙafafu huɗu, ga ma 'yan kara uku a jere inda wutsiya take. Ta daɗe tana kallo. Ta ce tabbas jaki ne, kuma kwanciyarsa ta yi kyau, amma ba za ta iya kawo baƙon malami ya ba masara maki ba.

Saura kwana goma na ce abin ya ishe ni. Ranar Juma'a ce. Na ce masa da azahar duk mazan Bomo suna masallaci, kara nawa ne gaba ɗaya, ashirin ne ko talatin? Mu sare, mu tone, in ya so daga baya a yi ta ba da haƙuri. Na ɗaura ɗamara, na ɗauki adda, shi ya ɗauki shebur, muka hau acaɓa biyu.

Gonar tsit, ko akuya babu. A gindin ɗorawa ga tabarma a shimfiɗe, ga kwanon sha an rufe da faifai, ga dafaffiyar gyaɗa a ƙoƙo. Baba Sallau ya san lokacin zuwansa, ya ajiye masa kafin ya tafi salla. Baban Kosi ya tsaya yana kallon kwanon. Na miƙa masa addar, bai karɓa ba.

Na ce, "Baban Kosi, shekara bakwai fa. Shekara bakwai ina kwana da kwaɗi."

Ya ce, "Maman Kosi, mutumin nan ya bar min gonarsa da ruwan sha."

Na ce to ni bai bar min komai ba, na nufi masarar. Ya sha gabana ya riƙe min hannu, a hankali, ko murya bai ɗaga ba. Na zage shi da Hausa, na ƙara da ɗan Ibon da na iya. Na ce masa sakarai, na ce ya fi jakin taurin kai. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne na san da ya sare masarar nan da na rage ganin girmansa. Muka zauna a tabarmar muka cinye gyaɗar.

Goma ga Satumba ta zo. Baban Kosi ya sa kwat ɗinsa na coci, ya je ya miƙa bayaninsa shafi tamanin, ba jaki. Baƙon malamin ya yaba rubutun, ya tambayi ina ƙwarangwal ɗin. Baban Kosi ya ce yana ƙarƙashin masara. Aka rubuta aiki bai cika ba.

Bayan kwana goma sha tara Baba Sallau ya yi girbi. Ya cika alkawari. Shi da 'ya'yansa suka tone da hannu, matan gidan suka kawo rariya aka tankaɗe ƙasar ramin don kada ko ƙaramin ƙashi ya ɓace. Damina ta yi aikinta, ƙashi ya fito fes. Baban Kosi ya rufe shago wata guda, ya kwashe kujerun falona, ya yi ta huda ƙashi yana zura waya. Da ya gama, jakin ya tsaya a kan katakon maɗaci, kai a ɗan sunkuye, ƙafa ɗaya a gaba, kamar an ɗora masa yashi. Masu ɗibar yashin suka zo gani, babbansu ya ce wallahi haka yake tsayawa.

Muka ɗora shi a amalanke muka tura har Samaru, don Baban Kosi ya ce mota za ta girgiza shi. Dakta Adenike ta fito, ta kira sauran malamai. Suka zagaye shi, wani dattijo a cikinsu ya ƙirga ƙasusuwan wutsiya ya ce babu wanda ya ɓace. Sannan ta ja mu gefe ta ce ta rubuta takardar roƙo har sau biyu, amma sakamako ya riga ya wuce majalisar jami'a, shekarunsa kuma sun cika. Ta tambaya a hankali ko zai bar musu jakin, don sashen ba shi da irinsa. Ya ce ai da ma nan zai zo.

Aka shigar da shi ɗakin gwaje-gwaje, aka ba shi wuri kusa da taga. Ma'aikacin ɗakin ya ɗauko kati zai manna a jikin katakon. Ya rubuta sunan dabbar da Latin, ya rubuta shekara, ya rubuta S. Ogbonna. Sai ya ɗago biro ya ce, "Oga, ɗalibin aji nawa zan sa?"

Baban Kosi ya ce, "Rubuta kafinta."

Ya nemi tsumma, wai ƙurar hanya ta hau muƙamuƙin. Ni kuwa na fita baranda na yi kuka mai isata, da wata ɗaliba ta tambaye ni lafiya, na ce mata warin maganin ɗakin ne ya shigar min ido.