Tumatir ɗin Dattijo da Fayil Huɗu Nawa

Shekarun baya, ina gama makaranta kawuna ya tsaya mini aka ɗauke ni aiki a wani ɗan ofishin masu fiton kaya a bakin iyakar Jibiya. Ya ce musu ɗan ƙanwarsa ya san kwamfuta ciki da waje. Ni ma haka nake ji da kaina.

Na rubuta musu 'yar manhaja mai buga takardar wucewar mota. A ciki akwai wani guntun aiki, fankshin, mai duba ko lambar mota daidai take. Fayil huɗu ke buƙatarsa, sai na kwafa na manna a kowanne. Abokina ya gani ya ce, "Haba, ajiye shi a fayil ɗaya mana, sauran su jawo shi da umarnin import. Layi ɗaya ne fa." Na ce ai yana aiki, ya ƙyale ni.

Ashe lambar Najeriya kaɗai fankshin ɗin ya sani. Da aka yi ƙorafi na gyara, amma a fayil ɗaya, na manta da sauran.

Wata ranar kasuwa wani dattijo daga Mazanya ya zo da tumatir ɗin gonarsa a mota mai lambar Nijar, za shi Maraɗi. Kwamfuta ta karɓi lambar, wajen bugawa ta ƙi. Takardar hannu kuwa an daina ta tun zuwana, bisa shawarar kawu. Tun hantsi nake buɗe fayil ɗin da na gyara, ina ganinsa lafiya lau, ina zufa.

"Ɗana, mi ya rage?" in ji dattijon.

"Saura kaɗan, Baba." Wallahi na faɗi haka ya fi sau goma.

Sai bayan la'asar na tuna da sauran fayil ukun, na gyara su, takarda ta fito. Lokacin ruwan tumatir na ɗiga ƙarƙashin motar. Kawu bai ko dube ni ba, ya naɗe hannun riga ya hau motar ya taya dattijon tsince ruɓaɓɓun.

Washegari na haɗe fankshin ɗin a wuri ɗaya, ko shayina bai huce ba na gama. Har yau in na ga wani yana kwafa da mannawa, sai ranar nan ta faɗo mini a rai. Dattijon nan, da na miƙa masa takardar, hannu biyu ya sa ya karɓa ya ce, "Sannu da aiki, ɗana, ka sha wuya yau." Da ma zagina ya yi.