Azumin da Inna ta Sauke Kasko

Yayana ne ya fara maganar, bayan ya tashi daga ciwon da ya kwantar da shi wata biyu a asibiti a Kano. Fataucin wake yake yi. Yana saye a kasuwar Dambam da ƙauyukan da ke kewaye, ya loda wa manyan motoci zuwa kudu, kuma Allah ya sa wa abin albarka. Da ya dawo gida Azare, ya rame har hula tana sauko masa kan kunne, sai ya kira ni zaurensa ya ce tun yana kwance ya yi wa Allah alkawari, in dai ya tashi, duk azumi zai ciyar da unguwarmu abin buɗa-baki.

"Kai ne malamin makaranta, kai ka iya jera mutane a layi," in ji shi. "Ni in kawo kaya, kai ka raba."

Na yi murna ƙwarai. Shekarar an sha tsada, kuma ni da nake aji na san yunwa in na gan ta a fuskar mutum. Muka ɗauko mata shida masu girki, ya sayo manyan tukwane da kasake da tukwanen gas har uku, aka kafa rumfa a ƙofar gidansa. Kunun tsamiya, ƙosai, dabino, wata rana har da shinkafa da wake. Duk wannan shiri da muka yi, ko sau ɗaya Inna mai ƙosai ba ta faɗo mini a rai ba.

Inna ba 'yar uwarmu ba ce, haka dai kowa ke kiranta. Mutuniyar Shira ce, aure ya kawo ta Azare, mijin ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata uku. Tun ina saurayi take suya a gindin darbejiyar da ke bakin layinmu, da murhunta na duwatsu uku da baƙin kaskonta guda. Da wannan kasko ta aurar da 'ya'yan duka. Ba ta da yawan magana, kuma ba ta ɗaukar raini. In ka ce ta ƙara maka gyara sai ta dube ka ta ce, "Waken gonarku ne?" amma in ka buɗe takardar a gida sai ka tarar ta ƙara. Azumi shi ne kakarta. A watan take yin cinikin da za ta gyara rufin ɗaki kafin damina, ta yi wa jikoki ɗinkin salla, wani lokaci har ta sayi 'yar akuya ta ɗaure. Kowa a layin ya san haka, ni ma na sani.

Ranar farko layi ya kai har masallaci. Akwai 'yan dako, akwai masu tura ruwa, akwai matan da na san mazajensu kuma ban taɓa zaton abin ya kai su haka ba. Wani dattijo da ke zuwa da icce daga wajen Bulkachuwa a kan keke ya karɓi kunu, ya ce mini kwana biyu ke nan da ruwa da garin kwaki yake buɗe baki. Ya yi wa Yaya addu'a har sai da na sunkuyar da kai. Na koma gida ranar ina jin ban taɓa yin aikin da ya kai wannan ba.

A rana ta huɗu ne na biyo ta gindin darbejiya ana gab da kiran magariba. Inna na zaune, farantinta cike, ta rufe shi da mayafi saboda ƙuda. Wuta ta mutu a murhu. Mutanen da suka saba tsayuwa a kanta duk suna can a layin rumfarmu, wasu in sun zo wucewa sai su kau da kai.

"Inna, barka da shan ruwa."

"Barka kadai, Malam. Ya aikin lada?"

Ba da gatse ta faɗa ba. Na tsaya na sayi ƙosan da ba na bukata, mai yawa, ta zuba mini. Da na juya sai ta ce, "Gobe kada ka saya haka. Gidanku ba ku rasa ƙosai ba."

Washegari na je kasuwa ƙaro man gyaɗa wurin wata 'yar kudu da muke kira Madam. A Azare ta yi aure ta haifi 'ya'yanta, Hausa a bakinta ta fi ta wasunmu. Wurinta Inna ke sayen mai shekara da shekaru. Tana aunawa tana kallona.

"Malam, tsohuwata ba ta zo ba tun shekaranjiya. Da azumi kullum sai ta zo."

Na ce ƙila ba ta jin daɗi ne.

"Lafiyarta ƙalau. Ku ne. Wa zai sayi abin da ake ba shi kyauta a gida na uku?" Ta rufe jarkar ta tura mini. "Ni ban ce ku daina ba, ai ni ma da ku nake ciniki yanzu. Amma ku duba ta."

Na sami Yaya bayan la'asar na gaya masa. Ya ce wallahi bai yi tunanin haka ba, kuma na yarda da shi. Nan take ya ce a riƙa sayen ƙosan sadakar a wurin Inna. Na tafi da saurina na kai mata albishir. Ta tambaye ni mudu nawa muke jiƙawa a rana. Da na faɗa sai ta yi dariya, ta ɗaga hannayenta ta nuna mini, yatsun duk sun kanannaɗe da sanyin ƙashi.

"Da waɗannan? Ko na fara tun asuba ba zan gama rabi ba."

Sai muka ce to ta zo rumfa ta shiga cikin masu girki, a sallame ta kamar yadda ake sallamarsu. Ta ce za ta gwada. Ta zo kuwa, da zaninta mai kyau da cokalin tsame ƙosanta na gida. Shugabar masu girkin matashiya ce, sa'ar 'yar Inna ta tsakiya, mai zafin nama, kuma ba muguwa ba ce, aiki ne ya yi mata yawa. Inna ba ta saba da wutar gas ba. Ita ta saba ta ja icce baya in mai ya yi zafi, ta bar ƙosai ya nuna a hankali. A nan kuwa layi na jira, ana ta kiran a yi sauri. Rana ta biyu ina tsaye na ji shugabar ta ce, "Haba Inna, a kwashe mana, ai ba na sayarwa ba ne da za a tsaya yi masa kwalliya." Sauran matan suka yi dariya. Inna ta kwashe, ta gama aikin ranar, ta wanke cokalinta ta tafi. Ba ta sake dawowa ba.

Na bi ta gida. Tana zaune a tsakar gida tana tsince wake, ɗan kaɗan a faifai.

"Inna, in maganar yarinyar nan ce, zan sa ta zo ta ba ki haƙuri."

"Me ta yi? Gaskiya ta faɗa. Ni dai a wurina ni ke cewa ya soyu. A can kuwa sai an gaya mini."

Na ce to Yaya ya ce a kawo mata buhun shinkafa da na gero. Ta ce Allah ya saka masa da alheri. Aka kawo, ta karɓa. Daga baya matata ta ji a wurin maƙwabta cewa ta rabar da fiye da rabi, gida-gida, a kwano. Ban san ko fushi ne ko kuwa ita ma so take a ce daga hannunta wani abu ya fito ba. Ban tambaye ta ba.

Har azumi ya ƙare ba ta sake hura wuta a gindin bishiyar ba. Na riƙa gaya wa kaina wata ɗaya ne, bayan salla komai zai koma yadda yake. Da ma haka ɗin za a yi, ba don alheri na biyu da Yaya ya yi ba. Ranar jajiberin salla ya tara matan nan shida ya ce sun yi ƙoƙari, kada kayan su zauna a ɗaki su yi tsatsa har baɗi, su raba tukwanen gas da kasaken su ja jari. Matan suka yi ta guɗa, ɗaya har da kuka, domin ita ma mijinta ya rasu, tana da marayu biyar. Ni na rubuta wa kowa abin da za ta ɗauka, kuma na ga dacewar abin.

Mako biyu bayan salla, mai marayun nan ta kafa teburinta a bakin titi, taku kaɗan daga darbejiya. Wutarta ba hayaƙi, kaskonta ya ninka na Inna, tana gama suya kafin Inna ta gama hura icce. Masu sammakon zuwa tasha da ma'aikata ba su da lokacin jira. Inna ta dawo ta zauna kamar wata guda. Mu 'yan tsiraru muka riƙa saye a wurinta, ita kuma ta san dalilin da ya sa muke saye, kuma ba ta so. Wata safiya na fito na tarar an kwashe duwatsun murhun, sai baƙin wuri a ƙasa.

Na koma wurin Yaya. Wannan karon ransa ya ɗan ɓaci.

"To me kake so in yi? In ƙwace tukunyar daga hannun mai marayu? Ko in daina ciyar da mutane saboda mutum ɗaya? Kai ka ga layin nan da idonka."

Na ce na gani.

"In gas take so, gobe a saya mata."

Na je na gaya mata. Ta ce tsoron gas take ji, kuma idonta ya fara hazo, ba ta son abin da zai tashi da ita da gidan mutane. Na ce to ko wata sana'ar, ko 'yar tireda a ƙofar gida. Ta ce, "Malam, na tsufa da koyo." Daga nan ta shiga tambayata lafiyar yara, na gane an rufe maganar.

Kafin damina ta sauka, babbar 'yarta ta zo ta tafi da ita Shira. Rufin ɗakin ba a gyara ba, mai gidan da take haya kuma yana son ɗakinsa. Na ziyarce ta sau ɗaya a can, da kaka. Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa, ta yi ƙiba kaɗan, surukinta mutumin kirki ne, ba abin da ta rasa. Ta tambayi mutanen layi ɗaya bayan ɗaya, wa ya haihu, wa ya rasu. Ta tambayi mai marayu, na ce tana nan tana ciniki, har ta mayar da yaranta biyu makaranta. Inna ta ce, "Madalla. Ka ce mata ta riƙa buga ƙullun sosai, nata yana shan mai." Da zan tafi ta ce in gaida Alhaji, wato Yaya, in ce masa kullum tana sa shi a addu'a. Na dube ta ko zan ga wani abu a fuskarta, ban ga komai ba sai gajiya. 'Yarta ta raka ni bakin hanya, a nan take gaya mini har yanzu Inna na tashi tun kafin asuba ta zauna a bakin gado, ba ta da abin yi, sai gari ya waye.

A mota ina ta juya abin a raina, ina neman inda ya kamata a ce mun tsaya. Da na tuna da ita tun farko, me zan ce wa Yaya? Kada a soya ƙosai, a ba da kunu kawai? Ƙila. Amma akwai mai kunu a layi na gaba, ita ma ban san yadda ta ƙare ba, ban ma taɓa tambaya ba sai a ranar. 

Azumi uku ke nan muna yi. Layin ya ƙaru, yanzu har daga wasu unguwanni ake zuwa, kuma mafi yawansu da gaske suna bukata. Bana da watan Sha'aban ya kama, Yaya ya kira ni a waya daga Dambam, ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa, ya ce wake ya yi tsada amma zai saya, in gaya masa ko adadin da ya saya bara zai isa.

Na ce ba zai isa ba, ya ƙaro.