Simintin da Aka Shafa wa Soron Yaya Ilu

Shekara tara ke nan da rasuwar wana, Yaya Ilu, kuma bana ce na fara gode wa Allah da ba ya nan balle ya ga abin da nake gani. Allah ya yafe mini wannan magana.

Malamin makaranta ne. Da ya ajiye aiki sai ya roƙi a ba shi tsohon gidan hakimi na garinmu, can gefen Gagarawa, wanda aka tashi aka bar wa jemagu. Ya share babban soron, ya bi gida-gida yana karɓar kayan kakanni a matsayin amana: sulke, kwari da baka, akusa, da tukwanen da manoma ke tonowa a kufai. Har tsiya nake masa, in ce Yaya ka zama bola. Sai ya ce, "Ke ma zo in ajiye ki, ai kin isa."

Duk shekara kafin ruwa ya sauka yakan kira gayyar yaɓe. Maza su kwaɓa ƙasa, a jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa mai ƙara wa yaɓe ƙarfi, mu mata mu dama kunu. 'Yan kasuwarmu masu harka a Maigatari sun sha ce masa a shafe ginin da siminti kowa ya huta. Amsarsa ɗaya ce, ginin ƙasa numfashi yake yi, in ka toshe shi ta ciki zai ruɓe.

Bayan sadakar arba'in ɗinsa suka shafe shi da simintin, don su girmama shi. Wallahi da zuciya ɗaya suka yi, ba na zargin kowa. Aka yi fenti, kowa na cewa ma sha Allah. Gayya kuwa daga nan ta mutu, tunda babu abin yaɓawa.

Ruwa ya riƙa shiga ta tsagar siminti, ya rasa ta inda zai fita. Yanzu bangon gabas ya yi ciki, azara ta fara saukowa. Na ɗauko Malam Haruna magini, tsohon abokin Yaya, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya ce, "Hajiya, in an ɓamɓare simintin bangon zai biyo shi. In an bari, ba zai ga kaka ba." Na ce to yaya za a yi? Ya tsaya yana kakkaɓe hannunsa kawai.

Makulli a hannuna yake. Na yi zaryar ofisoshi a Gumel neman taimakon gyara har masu gadi sun san ni, kullum dai a dawo. Na gaji, kuma tsoro nake ji. Da Yaya na nan, na san ba faɗa zai yi ba, kwando zai ɗauka ya nufi kududdufi ɗebo ƙasa. To ni ina ƙarfin, kuma wa zai biyo ni?

Sai na yanke shawarar mayar wa kowa da nasa. Na fara da Inna Tabawa, tsohuwar da ta ba Yaya sulken kakan mijinta. Na ajiye a gabanta, ta shafa shi, ta turo mini.

"'Yar nan, in ya kwana a gidan nan, ranar Alhamis jikokina za su kai shi kasuwar Maigatari ya ƙetare iyaka. Ilu na ba, ban ba shi don ya dawo ba."

Na ce, "Inna, soron faɗuwa zai yi."

Ta ce, "Gwamma ya faɗo a kansa. Ai a ƙasar masu shi yake."

Abin da ya rage na Yaya Ilu ke nan, yardar da mutane suka yi masa, kuma ita ce yau ta ɗaure mini hannu. Na sungumi sulken na mayar inda ya rataye shi, na kulle ƙofa. Jiya aka yi ruwan shuka. Kowa ya fita gona da murna, ni kuma na kasa zuwa in duba soron.