Ranar da Aka Aiki Malam Badamasi Wajen Shafi'u

Malam Badamasi dai mutumin Dawakin Tofa ne, malamin kwaleji, gwamnati ta turo shi Kuala Lumpur ya yi digirin dakta ya koma, shi ke nan ya samu wuri ya miƙe ƙafa a unguwar Setapak, matarsa Bashira tana can gida tana jira har yara sun gaji da tambaya. Kuma wai me yake karantawa, kalmomin mutuwa da kisa a yarukan mutanen tsibiran nan. Wallahi aikinsa ke nan. Ko'ina aka yi rasuwa a unguwar Kampung Baru sai ka gan shi da jallabiya ya kutsa cikin masu addu'a, ya ci shinkafa har da ƙari, sannan ya matsa kusa da tsoho yana tambayarsa ku ya kuke cewa idan sarki ne ya mutu. Ko a jirgin ƙasan LRT in ya ga ɗan Filifin ba ya barinsa ya huta. A ransa duk garin nan babu wanda ya san mutuwa kamarsa.

To ran nan da rana sai ga waya daga Kano, wani Kabir, yayan Shafi'u, yaron da ke karatun kwamfuta a benen da ke bayan nasu. Ya ce Hajjo mahaifiyarsu ta rasu da asuba, kuma ka san ba a faɗa wa ɗa irin wannan ta waya, sai babba ya je ya zaunar da shi ya lallashe shi. Ya ce sun roƙi dangi kar kowa ya ɗora hotonta tukuna, amma mutane ba sa ji, don Allah Malam a yi sauri. Badamasi ya ce haba, ai an zo inda ya dace.

Sai da ya yi wanka ya goge hula, sannan ya kira Shafi'u ya same shi a mamak, shagon shayi da abincin da ke ƙasan bene. Shafi'u ya zo da silifas yana dariya.

"Malam yau kuma ni ake nema? Ko an samo mini mata ne?"

Badamasi ya buɗe baki, sai ya fasa. Ya yi odar shayi. Ya ƙara da roti, irin gurasarsu. Ya ce bari ya fara shimfiɗa tukuna, ai ba a faɗa wa magana haka kawai.

"Ka san mutanen nan, kyanwa ce suke ce wa mati, mutum kuwa meninggal, sarki mangkat. Filifin patay, har Madagaska maty, ka ga tushe ɗaya ne."

"Malam ka fara ko. Ni jarrabawa gare ni gobe fa."

"Kisa kuma bunuh. Kowane mai rai dai, ka gane..."

"Na gane. Zan iya yin tapau ɗin rotin, a ƙunshe mini in tafi da shi?"

Badamasi yana ta cewa a ransa yanzu zan faɗa, bari ya haɗiye wannan lomar, bari mai kawo shayi ya wuce, bari babur ɗin can ya yi shiru. Mutumin da ya cika kunnen mutane da mutuwa shekara da shekaru, ga kalma ɗaya ta Hausa ta gagare shi. Sai ya koma kan yaren Jawa.

Wayar Shafi'u ta yi ƙara a kan tebur, ta sake, ta sake. Ya ɗauka da hannun da babu maiƙo yana taunawa. Wata 'yar ƙanwar babansu ce ta ɗora hoton Hajjo da mayafin sallarta, ta rubuta Allah Ya jiƙanki Mama. Taunar ta tsaya. Ya daɗe yana kallo, mutane suna ta cin abincinsu, talabijin tana ta ƙwallo.

"Malam, ka sani?"

"Ai shi nake ƙoƙarin..."

"Tun da na zauna ka sani."

Ya tashi ya tura kujera ya fita, ko silifas ɗaya bai tsaya sawa daidai ba. Badamasi bai bi shi ba, wai a ganinsa gara a bar yaro ya huce. Yana zaune Kabir ya sake kira, murya a dashe, yana tambaya ko an samu an gaya masa, ya ya ɗauka.

Badamasi ya gyara zaman hularsa.

"An sanar da shi," ya ce. "A gabana ma."